Minti na Arba'in da Ɗaya

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da duk wanda ke tare da kai. Yaya gwiwa? An ce ta matsa maka tun bara har ka fara dogara sanda. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan ƙasar waje lafiya lau, sai aiki. Ina nan a ɗakin gwajin jini na asibiti, daga safe har la'asar. Maigidana yana gaishe ka. Jikarka ta shiga aji ɗaya, haƙoranta biyu na gaba sun fita.

Na san za ka yi mamakin wannan takarda. Sau biyu kacal muka haɗu tun da na yi wayo, na biyun kuma ranar rasuwar Baba ne, inda ban samu na ce maka komai ba sai sannu da zuwa. Na nemi lambarka, aka ce ba ka riƙe waya, wai ba ka magana da mutumin da ba ka gani. Shi ya sa na turo wa mai shagon kwamfuta da ke bakin layinku, ta buga ta kai maka. In ka rubuta amsa ka ba ta, za ta ɗauki hoton takardar ta turo mini a ranar.

Ga abin da ya sa na neme ka. Kwana kaɗan kafin Baba ya rasu ya ce mini Mama ta taɓa fitowa a fim tun tana ɗalibar nas, kafin su haɗu. Wai wasu ne suka zo asibitin da take koyon aiki suka ɗauki wani sashe na fim ɗinsu, fim ɗin likitan nan da ya koma garinsu. Shi Baba bai taɓa ganinsa ba. A bakinta ya ji, sau ɗaya, kuma ba ta so ya ja maganar ba. Kawu, ka san ina da shekara biyu ta rasu. Hotonta biyu gare ni, ɗaya na katin makaranta, ɗayan kuma ta kau da kai. Ban taɓa ganinta tana motsi ba.

Shekara guda na yi ina neman faifan fim ɗin. Na tambayi shaguna, na tambayi masu tara tsofaffin kaya, kowa ya ce ba a taɓa buga shi a faifai ba, ko a kaset. Sai makon jiya na ci karo da shi a wani shafi na intanet da ke nuna tsofaffin finafinai. Kallo kawai ake yi, ba a saukewa, ba a sayarwa. A ƙarƙashinsa kuma an rubuta cewa ƙarshen watan gobe za a cire shi.

Na kalle shi sau uku. Nas-nas sun kai goma a ciki, kowace da farar hula. Amma a minti na talatin da takwas akwai wata da ta wuce ta bayan likita ɗauke da daro, doguwa, ta ɗan karkatar da wuya. Ina ganinta gabana ya faɗi. Na tsayar da fim ɗin na ɗauki hotonta, ga shi nan haɗe da takardar. Kai ne yayanta, kuma an ce kai ke juya injin gidan sinima a lokacin, don haka babu wanda ya fi ka sani. Ita ce?

Taka,
'Yar ƙanwarka

* * *

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Mai shagon da kanta ta kawo, ta tsaya a kaina wai ko akwai inda ban gane ba. Na ce mata ina karatu tun uwarta ba ta san hanyar makaranta ba. Gwiwa tana nan, ni da ita mun saba, da safe ta yi gardama, da rana mu shirya. Ki gaida maigidan naki, ki ce na gode da riƙon da yake yi muku. Mai giɓin haƙora kuma ki ce mata kakanta ya fi ta giɓi, kada ta yi mini yanga.

Abin da ban gane ba shi ne wannan kallo naku na yanzu. Ni a wurina fim abu ne mai nauyi. Cikin gwangwanaye yake zuwa, biyar ko shida, ka ɗora a kafaɗa ka hau bene, ka san ka ɗauko kaya. Ka bi shi da yatsa ka ji inda ya fara tsagewa. In ya tsinke ana cikin kallo, 'yan bencin gaba su ɗauki ihu, "Ofareta! Ofareta!" wato ni mai juya inji, har da zagin iyayena, ni kuma in kankare bakin da reza, in shafa gam, in haɗa, a ci gaba. Shekara ashirin da shida na yi ina wannan a ɗan ɗaki tsakanin injuna biyu. Yanzu ke kin ce akwai fim, amma babu gwangwani, babu kaset, babu faifai, kuma wani da ba ki sani ba zai ɗauke shi ranar da ya ga dama. To a ina yake kwana? Ni dai ban taɓa yarda da abin da ba zan iya sa wa kwaɗo ba.

Fim ɗin na san shi. Mako uku muka yi muna nuna shi, mutane suna zuwa ba don labarin ba, don su ga asibitinsu da layinsu a allo. Ina so ki duba mini abu ɗaya. A ina suka samo shi? Don ni na san kwafi kaɗan aka buga, kamfanin kuma bai jima ba ya rushe.

Hoton da kika haɗo na gani. Na daɗe riƙe da shi a bakin taga. Allah ya jiƙan Sista. Haka muke kiran uwarki a gida tun ranar da ta fara sa farar hula, da tsokana aka fara, har sunan ya bi ta. Allah ya haskaka kabarinta. Yau ba zan ƙara komai ba, hannuna ya gaji.

Kawunki

* * *

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwa ta bar gardama. Mu lafiya, sai mura da ta ɗan taɓa jikarka, ta kuma warke. Ta ce a gaya maka nata haƙoran za su fito, naka fa?

Na gode, Kawu, na gode. A wurin aiki na karanta takardarka, a tsaye kusa da firjin da muke ajiye jini. Da na kai inda ka ce ka daɗe riƙe da hoton a bakin taga, sai na shiga bayi na rufe ƙofa na yi kukana ya ishe ni. Ashe zuciyata ba ta yi mini ƙarya ba. Kuma Sista! Shekara arba'in a duniya, ba wanda ya taɓa gaya mini uwata tana da sunan tsokana.

Na kai hoton an wanke shi babba, an sa a firam, yana falo sama da teburin cin abinci. Ya ɗan yi dishi-dishi, amma wuyan nan ya fito. Na zaunar da jikarka na nuna mata wurin sau biyar. Ta ce, "Mama, me ya sa Kaka ba ta kallonmu?" Na ce aiki take yi. Yanzu duk wanda ya shigo sai ta ja shi da hannu ta nuna masa Kaka mai daro.

Game da tambayarka, sun rubuta bayani a farkon fim ɗin. Sun ce asalinsa ya ƙone a gobara, sauran kwafin sun ɓace. Guda ɗaya tak aka samu, a wani gidan sinima da aka mayar sito, ƙarƙashin matakalar bene, cikin gwangwanaye shida da aka rubuta wa lamba da jan fenti. Sun ce sun bar shi yadda suka same shi, da tabonsa da komai. Akwai ma wani wuri, minti na arba'in da ɗaya, da hoton ya yi tsalle. Likita ya miƙa hannu zai buɗe ƙofa, sai kawai ga shi can ƙarshen baranda yana tafiya. Ko naku ne, Kawu? Da na ji daɗi in ya zama kwafin da ya bi ta hannunka ne nake kallo.

Don Allah ka ba ni labarin ranar da ta ga kanta a allo. Me ta ce? Ta ji kunya? Wace riga ta sa? Kada ka ce ƙananan abubuwa ne, ni ba ni da manyan.

Taka,
'Yar ƙanwarka

* * *

Kawu,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Yau kwana ashirin da uku ban ji daga gare ka ba. Na tambayi mai shagon, ta ce takardar ta kai hannunka a ranar, kuma kullum tana ganinka zaune a ƙofar gida da rana. Ta ce ta yi maka maganar amsa sau biyu, ka ce ba ka da biro. Ta ba ka biro.

In wani abu na faɗa da bai yi maka daɗi ba, ka yi haƙuri. Na san na zo maka da tambayoyi bayan shekaru ban neme ka ba, kamar mai neman abu kawai. Laifina ne, na yarda. Ko kuma tuna ta ne yake yi maka nauyi, to ba sai ka ba ni labarin duka ba. Layi biyu ya isa.

Saura kwana goma sha biyu su cire fim ɗin. Na rubuta musu na tambaya ko za su buga shi a faifai, aka amsa mini da ladabi cewa babu wannan shiri. Ina so kafin ya tafi in kalle shi sau ɗaya da labarinka a hannuna.

Taka,
'Yar ƙanwarka

* * *

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, kuma ba ki yi mini laifin komai ba. Ina gaida mutanen gidan. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, kada ki karanta wannan a tsaye a wurin aiki.

Matar da ke cikin firam ɗinki ba uwarki ba ce. 'Yar ajinsu ce, Doguwa ake ce mata, ta auri wani direban jirgin ƙasa suka bar gari. Uwarki gajera ce, ko kafaɗata ba ta kai ba. Tun ranar farko na gane. Na rubuta miki addu'a a inda ya kamata in rubuta a'a, na san kuma yadda za ki ɗauke ta. Na ce a raina, yarinya ta samu abin riƙewa, wa zai cutu? Sai kika rubuto cewa jikata tana jan baƙi tana nuna musu matar direba. Kwana ashirin da uku na yi ina neman yadda zan bar ki a haka, ban samu ba.

Gwangwanayen namu ne. Jan fentin nan hannuna ne. Kamfanin ya rushe ba su aiko karɓa ba, na tura su ƙarƙashin bene na manta. Tsallen da kika gani a minti na arba'in da ɗaya kuma ba tsufa ba ne. Ni na yi shi. A wurin uwarki take.

A aikinmu, duk fim ɗin da ya zo sabo, sai na juya shi ni kaɗai da rana kafin a nuna wa jama'a, in duba haɗi, in ga ko an aiko da naɗi a juye. Ranar ina tsaye ina leƙe ta ɗan tagar nan, likita ya miƙa hannu, ƙofa ta buɗe, sai ga Sista ta cika allo. Tun daga hula har ƙirji, fuskarta ta fi ƙofar gidanmu girma. Tana riƙe da faranti na magani. Ta kauce masa, ta wuce, ta waiwayo sau ɗaya. Sakan tara ne. Na san ta je wurin masu fim, ta gaya mini, amma na zaci daga nesa za a hango ta cikin taro.

Shugabar makarantarsu ta riga ta ce duk ɗalibar da ta bar ɗakin marasa lafiya ta je wurin kamara, a bakin karatunta. Shekara arba'in da wani abu ina gaya wa kaina don wannan na yi, don kada a kore ta. Rabin gaskiya ke nan, kuma ƙaramin rabin. Shugabar nan ba ta taɓa taka gidan sinima ba a rayuwarta. Gaskiyar ita ce na san 'yan bencin gaba. Na san fiton da suke yi da abin da suke faɗa duk lokacin da mace ta cika allo, ina jin su kullum ta cikin bango. Na hango mako uku, sau biyu a rana, ni da hannuna ina haska musu ƙanwata. Ban yi shawara da kowa ba. Na tsayar da inji, na jawo naɗin, na sa reza. Abin da na cire ya kai tsawon ɗakin nan da nake zaune. Na haɗa bakin biyu da kyau, har na ji daɗin haɗin, Allah ya yafe mini.

Kin tambaye ni rigar da ta sa. Shuɗiya ce mai fararen maɓallai, ta aro ta wurin yayarmu. Ta zo nunin farko da ƙawayenta huɗu, ni na ba su kujerun tsakiya. Ina ganin ƙeyarta daga sama. Da aka zo asibiti sai ta gyara zama, ta kama hannun ta kusa da ita. Likita ya miƙa hannu, sai ga shi a ƙarshen baranda. Ta zauna a haka har aka gama, ko motsi ba ta yi ba.

Da aka tashi ta hau bene ta same ni ina naɗe fim. Tana murmushi, irin wanda ake yi don kada a yi kuka. Ta ce, "Yaya, ashe ban yi musu kyau ba, sun cire ni." Na ce, "Haka 'yan fim suke, ki manta da su." Ta ce, "Ai dama wasa ne." Abin yana cikin aljihun wandona a lokacin, a naɗe.

Na yi niyyar gaya mata in ta gama makaranta. Sai na ce in ta yi aure. Sai na ce in ta haihu. Bayan mun binne ta na buɗe gwangwanin madarar da na ajiye shi ciki, na tarar damina ta shiga, ya manne ya zama dunƙule yana warin tsami. Na gwada ɓamɓarewa, hoton yana biyo yatsuna. Ko guda ɗaya ban tsira da shi ba. Kada ki sa rai, babu shi.

Ban roƙe ki gafara a wannan takarda ba, don ban ga fuskar da zan roƙa da ita ba.

Kawunki

* * *

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya.

Na sauke firam ɗin. Jikarka ta tambayi inda Kaka ta tafi, na ce na yi kuskure ne, wannan ƙawar Kaka ce. Ta ce to ina ita Kakar? Na tura ta wanke hannu.

A wurin aikina, in na ba mutum sakamakon jinin wani, ko da sakamakon mai daɗi ne, korata za a yi, kuma daidai ne. Don haka ba zan ce da ka bar ni da matar direba ba. Na gode da ka faɗa. Amma ina jin haushinka, Kawu, haushin da ban san ina da wurin ajiye irinsa ba. Ta mutu tana zaton ba ta yi kyau ba. Shi ya sa ba ta so Baba ya ja maganar. Mutum ɗaya ne tak ya ga sakan taran nan a garinku, shi ne wanda ya yanke su, ya kuma ji daɗin haɗin.

Shekara guda ina zagin kamfanoni a raina don sun hana ni faifai. Ashe ko sun buga, babu ita a ciki.

Saura kwana shida. Ba na jin zan sake buɗe shi. Ina roƙonka kada ka sake rubuto mini don ka ba ni haƙuri. In ba ka da wani abu nata da za ka ba ni, ka bar ni tukuna.

'Yar ƙanwarka

* * *

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Ina gaida ku. Ba haƙuri na zo ba ki ba, kin hana, kuma kina da gaskiya. Maganar aiki ce, ki daure ki karanta a hankali, don saura kwana biyu.

Jiya bayan azahar ina zaune, hannuna yana yin abin da ya saba shi kaɗai, kamar ina zura fim a inji, sai na tuna abin da duk ofareta ya sani, ni kuma na manta shi a inda ya fi amfani. A jikin fim, sauti ba ya zama kusa da hotonsa. Wani siririn layi ne a gefe, kuma wurin da inji yake karanta shi yana ƙasa da wurin da yake haska hoto. Saboda haka ake buga sautin gaba da hotonsa, da tazarar ƙananan hotuna kamar ashirin. Shi ya sa in muka yanke wuri, sai ki ji ɗan guntun maganar da aka yanke ya faɗo kan hoton da ya biyo baya. Masu kallo ba sa lura, mu ne muke ji.

Ni a daidai hoton farko da fuskarta ta fito na sa reza. Ke nan sautin farkon shigowarta yana jikin abin da na bari. Bai kai sakan ɗaya ba. In masu gyaran sun bar shi yadda suka same shi kamar yadda suka rubuta, to yana nan, a daidai lokacin da likita ya bayyana a ƙarshen baranda.

Kuma na tuna yadda ta shigo. Ta gaya mini sau huɗu aka sake ɗauka, don duk lokacin da ta buɗe ƙofa ta ga kamara sai dariya ta kufce mata. A na huɗun mai fim ya gaji ya ce a bar shi haka. Da dariya ta shigo.

Na je shagon kwamfuta da sandata na ce a buɗe mini. Matar ta yi ta dannawa, aka rubuto wai ba a nuna shi a ƙasar da nake. Fim ɗin da aka ɗauka layi uku daga inda nake tsaye. Amma ko ya buɗe ba zai amfane ni ba. Abin da aka gaya miki game da waya, ni na ƙirƙiro shi don kada a tausaya mini. Injunan nan sun cinye mini kunne. Na hagu ya mutu, na dama sai an matso an ɗaga murya, abin da ya fito daga na'ura kuwa duk ɗaya yake a wurina, kamar ruwa a kan kwano.

Ban tabbata yana nan ba. In babu, kin ƙara samun abin da za ki riƙe ni da shi. Ki rufe ido, kada ki nemi fuska.

Kawunki

* * *

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya. Mu ma lafiya.

Takardarka ta kwana biyu a wayata ban yi komai a kanta ba. Tsoro nake ji. Sai yau Asabar da hantsi, ranar ƙarshe, jikarka ta tafi gidan maƙwabta, maigidana yana kicin yana wanke kwanuka, na jona kwamfuta da babbar sifikar falo, na kai minti na arba'in da ɗaya. Sau bakwai na wuce wurin nan a baya, idona yana neman farar hula, kunnena bai taɓa tsayawa ba. Na ƙure ƙarar, na rufe ido kamar yadda ka ce.

Takun likita. Ƙarar marikin ƙofa. Sai ga ta.

Dariyar tana nan, Kawu. Gajeriya ce ƙwarai, ta fara daga ƙasa ta hau, kamar mai ƙoƙarin danne ta da baki ta ƙi dannuwa, kafin ta kai ƙarshe sai wani ɗan ƙas, haɗinka ke nan, ta yanke. Na buɗe ido, babu kowa a allon sai bayan likita da dogon baranda. Na mayar baya na sake. Na sake. A na huɗu na kanga wayata a bakin sifika na ɗauka.

Ina cikin haka maigidana ya ɗaga murya daga kicin, ya ce, "Ke kuma me yake ba ki dariya ke kaɗai tun ɗazu?"

Ya fito da kumfa a hannu ya same ni a ƙasa, fuskata sharkaf. Na danna masa. Ya kalli sifikar, ya kalli bakina da yake a rufe, ya ce in sake. Shekara goma sha ɗaya muna tare. Ya ce ko a cikin kasuwa ya ji wannan zai waiwaya ya neme ni.

Da azahar na koma shafin, an riga an cire fim ɗin, wani ne a gurbinsa.

Ban ce na yafe ba. Ba ni kaɗai ke da haƙƙin ba, mai babban rabon kuma ba ta nan. Amma na nemi hutu a wurin aiki, an ba ni mako biyu a watan jibi, zan zo da jikarka. Abin da na ɗauka a waya ba zai shiga kunnenka ba, na sani. Don haka ka fara tattara duk wani shirme da Sista ta taɓa yi tun tana ƙarama, wanda zai ba mutum dariya. Ka ajiye mini kujera ta hannun damanka.

Taka,
'Yar Sista